Sifirin Kunkuru da Kayan Alhaji Mamuda

Kun girma kuna jin ana faɗa a gidajen suna da wuraren walima cewa babanku ya taɓa mayar wa Alhaji Mamuda da gudummawarsa, ya sauke masa ita a ƙofar shago da rana mutane suna kallo. Ba sharri aka yi mini ba, na yi. Sai dai masu ba da labarin daga ƙofar shagon suke farawa, a nan kuma suke tsayawa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku shi tun daga tushe, tun ina da sauran ido. Labarin na Baffanku Sule ne, Allah ya jiƙansa, da wata tsohuwar mota mai gida a bayanta, wadda mahaifiyarku ta laƙaba wa suna Kunkuru.

Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauke ni ya ɗora a bayan gingimarinsa, muna sintiri tsakanin Kano da Ikko. A hannunsa na koyi sitiyari, a hannunsa kuma na koyi lodi. A gida direba ba ya neman sikeli. In ana lodi sai ya zagaya baya ya zura tafin hannu tsakanin taya da bodi, in yatsu huɗu sun shiga ya ce a ƙara, in ba su shiga ba ya ce a ɗaure tamfol. In mota ta fara zama da gindi sai a kai ta wurin masu sifirin su ƙara mata ganye ɗaya ko biyu na ƙarfe, ta miƙe, a ci gaba da loda mata. Haka muka taso muka gani, kuma muna ganin mun fi kowa wayo. Allah bai ba Yaya haihuwa ba. Da aka haifa mini ɗan fari, wanku, wanda ya ci sunan mahaifinmu muke kiransa Abba, ana yaye shi na miƙa wa Yaya. Shi ya yi masa kaciya, shi ya kai shi makarantar allo, a gidansa ya zauna har takardunsa suka fito ya biyo mu Amurka. Bayan matar Yaya ta rasu, da dogon jira da addu'a, shi ma muka kawo shi nan McLeansville, gefen Greensboro. Ya kama fegin bayan gida ya cika shi da yakuwa da gauta da kuɓewa, har maƙwabcinmu Bature yana leƙowa ta kan shinge yana tambayar wace irin ciyawa ce muke lallaɓawa haka.

Shekarar da zan ba ku labari ta fara da faɗuwar Yaya a cikin wannan fegi. Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ya dawo daga asibiti yana kwance, in an zaunar da shi a kujera ba ya daɗewa sai bayansa ya kama, gumi ya keto masa. Ana cikin wannan hali maganar auren Abba ta nuna. Yarinyar a Columbus take, can jihar Ohio, iyayenta mutanen Damagaram ne, kuma a masallacinsu za a ɗaura, domin aure a gidan mace ake ɗaura shi, kakanta ma tsoho ne da ba ya tafiya. Ku da kuka taso a nan kuna iya cewa to ai uban ango yana nan da ƙafarsa, ya je ya karɓa mana. A wurinmu uba ba ya karɓar wa ɗansa aure alhali ɗan'uwansa yana raye, balle ɗan fari, balle kuma ɗan da wani ya rena. Yaya ne uban Abba a wannan rana, ni ɗan rakiya ne. Likita ya ce jirgi da zaman filin jirgi ba nasa ba ne, ƙaramar mota ma haka, sai in a kwance zai yi tafiyar. Surukanmu, mutanen kirki, suka ce a sa shi a waya ya karɓa ta bidiyo. Da na kai masa wannan magana sai ya juya fuskarsa ga bango. Kwana biyu bai taɓa abinci ba. Ni kuwa na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa in dai ƙarfe yana tafiya a kan taya, sai Yaya ya zauna a masallacin nan.

Na yi shekaru ina jan tirela a ƙasar nan, ina ganin motocin nan masu gida da yara ke ce wa RV suna wuce ni a hanya, tsofaffin Turawa a ciki suna yawon buɗe ido. Ban taɓa zaton zan mallaki ɗaya ba. Na samu tsohuwa a wurin wasu tsofaffi miji da mata a Irving Park, unguwar da ko karen gidan yake da likitansa. Mijin ya daina tuƙi, matar ta gaji da ganinta a tsakar gida. Akwai gado a can ƙurya ta baya, da banɗaki, da ɗan madafi, da wurin alwala in ka iya lanƙwasa jiki. Ranar da na shigo da ita gida mahaifiyarku ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce ita dai a saninta kunkuru ne kaɗai ke yawo da ɗakinsa, kuma ba ta taɓa jin ya isa ko'ina da wuri ba. Sunan ya bi ta tun daga ranar. Abin da ban lissafa ba shi ne, motar an saba mata da tsofaffi biyu da kare ɗaya da sandunan wasan ƙwallon attajirai, ba ta taɓa haɗuwa da Bahaushe mai shirin biki ba.

Na ce a yi gwaji kafin ranar. Muka sa akwatunan lefe, da keken Yaya, da kulolin naman ragon da za a tafi da shi, muka cika tankin ruwa, muka kwantar da Yaya a gadon baya. 'Yar'uwarku Zainab, wadda a lokacin tana karatun aikin jinya, ta zauna kusa da shi. Tun kafin in tayar da inji na ga gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar akuya tana neman ganye. Da muka hau hanya sitiyari ya yi sakayau a hannuna, domin nauyi ya bar tayoyin gaba. Muna hawa gadar kan titin jirgin ƙasa sai na ji ƙarfe ya daki ƙarfe a ƙarƙashi, gadon ya yi sama da Yaya ya dawo da shi. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba ko ranar da muka binne mahaifiyarmu, na ji ya yi wani nishi da har yau ban manta da shi ba. Zainab ta ɗaga murya da Turanci tana cewa in tsaya. Muka lallaɓo gida kamar masu ɗauke da ƙwai. Wannan tafiya ce da ba ta kai zuwa kasuwa ba, ga shi kuma tsakaninmu da Columbus akwai wuni guda da duwatsun Virginia.

Washegari na kai ta garejin Fuseini, bakanike ɗan zangon Kumasi, a wani lungu bayan Gate City Boulevard. Ya ɗaga ta, muka shiga ƙarƙashi tare da fitila. Ganyen sifirin da ya kamata ya yi baka ya miƙe sambal, wani ma ya fara lanƙwasa ta baya. Robar da ke hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe ta cinye. Shokazoba, masu haɗiye girgizar hanya, duk sun zubar da mai, in ka danna su da hannu ba sa dawowa. Fuseini ya goge hannu ya ce tsohuwar ta gaji, amma ƙashinta lafiya lau, a yi mata sababbin ƙafafu kawai. Muka yi odar sabon sifirin mai ƙarin ganye, da sababbin ƙusoshin da ke ɗaure shi a kan aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, da shokazoba masu ƙarfi irin na manyan motoci. Ya ba ni shawara a ƙara jakunkunan iska, ɗaya kowane gefe, waɗanda ake hura wa iska gwargwadon lodi, da wata sandar ƙarfe mai kauri da ke hana mota tangaɗi in tirela ta wuce ta ko an shiga kwana. Tayoyin ma na ce a canza su duka, domin zanensu yana nan amma gefensu ya tsattsage don tsufa.

Ban bar masa aikin shi kaɗai ba. Duk ranar da ba ni da fita sai in sa tsohuwar riga in shiga ƙarƙashi, ni da furfurata, ina riƙe masa sifana yana kwance ƙusoshin da tsatsa ta cinye. Wata sai da muka gasa ta da wuta kafin ta motsa. Mahaifiyarku tana aiko mana da tuwo a kula, tana aiko da saƙon cewa in na karya baya a ƙarƙashin Kunkuru, gadon ɗaya ne tak, kuma an riga an ba Yaya. Na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda zan iya faɗa muku. Rabona da in ji ƙarfe yana amsa hannuna haka tun ina saurayi a gareji a Kano. Da muka sauke ta daga jak, muka hura iska, motar ta tsaya cak, gaba da baya daidai. Muka maimaita lodin ranar gwaji, muka bi ta kan gadar nan, Fuseini ya kwanta a gadon a madadin Yaya, ya fito yana cewa saura kaɗan barci ya sace shi. Ya kuma ɗaura wa gadon maɗauri da makari a gefe don kada mai kwanciya ya gangaro. Da zan tafi ya bi ni har bakin ƙofar direba, ya nuna mini ƙaramin allon da kamfani ya manna a jikin ƙofar, inda aka rubuta iyakar nauyin da aksul zai ɗauka.

"Malam Habu, mun gyara mata tsayuwa, amma aksul da birki na jiya ne. Yanzu ko ka ɗora mata Kumasi gaba ɗaya ba za ta zauna ba. Kada tsayuwar ta ruɗe ka."

Na ce masa ai ni da sikeli mun daɗe da sanin juna a kan hanyoyin ƙasar nan. Muka yi dariya muka rabu.

Ni ban ruɗu ba, amma jama'a sun ruɗu. Kun san halinmu, in aka ji mutum zai yi tafiya garin da ake da dangi, kowa sai ya tuna yana da saƙo, kuma ba a cewa a'a. An sa ɗaurin aure ranar Asabar, za mu tashi Juma'a da sassafe. Abba da abokansa da sauran 'yan'uwanku sun riga sun yi gaba a ƙananan motoci. Ranar Alhamis na kai Yaya asibiti a duba shi dubawar ƙarshe a ba mu magunguna, muka kai azahar a can. A bayan idona gidan ya cika. Wannan ta kawo dambun nama a kai wa 'yarta, waccan ta kawo buhun gero, wani ya kawo injin niƙa da ya saya wa ƙanwarsa. Daga ƙarshe Alhaji Mamuda ya iso da kansa a akori-kura.

Dole in gaya muku wane ne Alhaji Mamuda a wurina, don ku san girman abin. Ranar da na fara taka Greensboro da 'yar jakata, ban san kowa ba, shi ya sauke ni a ɗakinsa. Shi ya nuna mini masallaci, shi ya kai ni inda na samu aikin farko, matarsa ce ta yi wa mahaifiyarku wankan jegon Zainab. Yana da shagon kayan abincin gida a Gate City Boulevard, kuma duk wanda ya zo garin nan a zamaninmu ya ci tuwon gidansa. Abba kuwa jika ya ɗauke shi. Saboda haka ya yi gudummawa irin ta manya: katan-katan na doya, jarkokin manja da man gyaɗa, buhunan shinkafa, duk don a ciyar da jama'a a Columbus a san cewa ango yana da gata. Mahaifiyarku ta ce mini shi ya tsaya a kan lodin. Aka cika rumbun kaya na can bayan tayoyi, aka cika ƙarƙashin gado, aka jera saura a banɗaki. Duk bayan buhu biyu sai ya zagaya baya, ya duƙa da sandarsa, ya zura tafin hannu tsakanin taya da bodi, ya ce a ƙara, ko gezau ba ta yi ba. Yana ta sa mini albarka wai na iya zaɓen mota.

Da na dawo na same ta tsaye cak, kyakkyawa, kamar ba a ɗora mata komai ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ranar nan ni da Fuseini mun riga mun rufe wa ido hanyar sani. Sai da na duƙa na ga cikin tayoyin baya ya bultso, na biyun da ke jere har sun kusa sumbatar juna. Na shigar da Yaya ɗaki, na ja motar zuwa tashar manyan motoci inda ake da sikeli. Tun a hanya na ji ta, in na taka birki sai ta yi kamar tana shawara kafin ta amsa. Sikeli ya nuna aksul na baya ya zarce abin da ke rubuce a ƙofa, kuma ba da kaɗan ba. Ban ma sa Yaya da kekensa da mu kanmu ba tukuna. Na san gangaren duwatsun da ke gabanmu, na sha ganin hayaƙi yana tashi daga birkin motocin da suka fi wannan lafiya, na kuma san taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta ba ta yin sallama kafin ta fashe. Gadon Yaya kuwa a kan waɗannan tayoyin yake.

Na dawo gida na faɗa, gida ya kaure. Na fara da namu: na zubar da ruwan tanki, na fitar da tukwane da kujerun da ba dole ba, na rage kulolin nama. Ƙananan saƙonni na kira masu su ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, suka zo suka ɗauka, wasu da dariya wasu da tsaki. Na sake lissafawa, har yanzu da sauran nauyi mai yawa, domin uwar lodin ita ce ta Alhaji, kuma tana can ƙarshen baya inda buhu ɗaya ke danna aksul fiye da nauyinsa. Lefe ba ya zama, Yaya ba ya zama. Na nemi wanda zai ja motar haya ya biyo mu da kayan, duk mai lasisin da na sani ko ya riga ya tafi ko yana da aikin da ba a ɗaga masa ƙafa. Zainab ta ce da Turanci ita ba ta ga abin wahala ba, a kira shi a ce kaya sun yi yawa, shi ke nan. Mahaifiyarku ta dube ta ta ce yarinya ce, ba ta san ba a mayar da hannun kyauta baya ba. Sannan ta juyo gare ni, ta rage murya, ta ce a zuba kayan a rumfar bayan gida a rufe, in mun dawo a san yadda za a yi, Alhaji ba zai sani ba. Na ce mata matar ɗan'uwansa tana Columbus, ita za ta fara buɗe tukunya ta nemi manjan, kafin mu sauke Yaya waya ta riga ta iso Greensboro. In ji kunyar gaskiya a gabansa ya fi mini sauƙi da in ji kunyar ƙarya a bayansa.

Ashe duk abin nan Yaya yana ji daga ɗakinsa. Ya bubbuga makarin gado da hannunsa mai lafiya, na shiga. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Habu. Ku bar ni. Ku kai kayan mutane."

Na zauna a bakin gadon na kama hannunsa, wanda a da yake juya sitiyarin gingimari kamar faifai, yanzu ya koma kamar kara. Sai na faɗa masa gaskiya.

"Yaya, kai da kekenka da magungunanka duka ba ku kai buhu biyu ba. Ko na bar ka, motar ba ta yi sauƙi ba. Kuma don kai aka saye ta."

Ya yi wata 'yar dariya ta ɓari ɗaya, hawaye yana bin gefen idonsa zuwa kunne. 

Bayan la'asar na je shagon Alhaji Mamuda, na tsaya da motar a gefe, na shiga ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba. Na yi masa bayanin sifirin da sikeli da aksul, na ce ya yi mini izini in ajiye kayan in kai su da kaina mako mai zuwa, ko a ci su a walimar da za a yi a nan. Ya saurare ni har na gama yana jan carbi. Ya ce da hannunsa ya auna, motar ba ta zauna ba, shi ma ya yi fatauci kafin a haife ni, ya san motar da ta ƙoshi. Na ce sabon ƙarfen ne ya hana ta nunawa. Ya ce to abincin biki bayan biki sunansa sadaka, shi kuwa ba sadaka ya kawo wa jikansa ba. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Habu, ɗakina ya ɗauke ka da kayanka, ban kai ka sikeli ba. Sauke mini su a nan."

Na sauke. Ni da hannuna, buhu bayan buhu, jarka bayan jarka, masu sayayya suna ratsawa ta gefena suna sunkuyar da kai. Ban taɓa ɗaukar kaya masu nauyin waɗannan ba, ni da na yi ƙuruciyata a kan lodi. Daga ranar Alhaji bai sake kirana Habu ba, sai Malam Abubakar. In na yi masa sallama yana amsawa, domin mutum ne mai addini, amma bai sake cewa in zauna ba, bai zo walima ba, kuma har ya koma ga Allah maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba. Na je na roƙe shi, na aika manya sun roƙe shi, yana cewa ba komai, irin ba komai ɗin da ka san da komai. Abin ya yi mini ciwo, har gobe yana yi mini. Ba na so ko ɗayanku ya riƙe shi a zuci, mutumin kirki ne da ya auna mota da ma'aunin da ya sani. Ni ma ba ni da abin da zan nuna masa, tunda taya ba ta fashe ba, birki bai ƙone ba, abin da bai faru ba kuwa ba shi da shaida. Amma ku sani, da za a maido ni wannan Alhamis ɗin, abin da na yi shi zan sake yi, kuma ina alfahari da shi.

Na koma sikeli kafin magariba, nauyi ya dawo ƙasa da iyaka har da ɗan sarari don mu. Juma'a da safe muka kwantar da Yaya, Zainab ta ɗaura masa maɗauri, mahaifiyarku ta zauna a gaba da carbinta da fulas ɗin shayi, ta yi mana addu'ar tafiya. Tun fitarmu ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole, fushin jiya bai sake ta ba. Na bi hanya a hankali, duk wanda ke sauri na ba shi wuri ya wuce. Kunkuru ta hau duwatsu tana nishi, a gangare na riƙe ta da giya ina taɓa birki kaɗan-kaɗan. Manyan motoci suna wuce mu da iskarsu, ba ta ko karkata. Inda hanya ta lalace ina jin sifirin yana haɗiye ramin tun kafin ya isa gadon. Duk tsayawar da muka yi don salla ko mai sai in zagaya in dafa tayoyi da bayan hannu in ji zafinsu. Zainab takan leƙo ta ce mini Baffa yana barci. Mutumin da tun faɗuwarsa ba ya haɗa barcin kirki, ranar nan sai da ta tashe shi shan magani, ya sha ya koma. Wajen la'asar, mun haye kogin Ohio ƙasa ta miƙe, sai na ji muryarsa daga baya yana tambayar Zainab ko an gama lodi, yaushe za mu tashi. Mahaifiyarku ta fashe da dariya har ta zubar da shayi a zaninta, ta dube ni ta ce to, Malam, Kunkuru dai ta isa. Da wannan aka shirya.

Ranar Asabar abokan Abba suka ɗauko Yaya a kekensa suka shigar da shi masallaci, sanye da babbar rigar da ya ɗinka tun a Kano ya ajiye don wannan rana. Bayansa bai kama ba, ya zauna a miƙe a sahun gaba, gefen liman. Ni na koma can baya kusa da takalma, inda uban ɗan fari ya kamata ya zauna. Waliyyin amarya ya ce ya bayar. Liman ya juya ga Yaya. Masallaci ya yi tsit, ina ganin leɓensa yana rawa, ina ganin Abba ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Wani daga gefe ya matso zai faɗa a madadinsa, Yaya ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da shi. Sannan a hankali, kalma bayan kalma, amma kowa ya ji:

"Na karɓa wa ɗana."

Aka shafa fatiha, aka shiga rabon goro da dabino. Da jama'a suka ragu na matsa na durƙusa a gaban kekensa in gyara masa hular da ta karkace. Ya tambaye ni wa ya jawo motar daga Greensboro, domin shi bai ga hanya ba. Na ce ni ne, Yaya. Tun ina yaro a bayan gingimarinsa, mutumin nan bai taɓa yaba tuƙina ba ko sau ɗaya, in na yi daidai shiru ne ladana. Ya dube ni, ya dafa kafaɗata.

"Ka iya mota, Habu."

Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, bai ga wata damina ba. Ina da furfura har a gira ranar da ya faɗi haka, amma sai da na fita waje na zagaya bayan motar, inda ba mai ganina, na yi kukana.